Ranar da Aka Raba Jemage da Tafki

A wani daji da damina ta yi wa nawa, ruwa ya ƙafe ko'ina sai tafki ɗaya. Dabbobi suka taru a gindin tsamiya don gano wanda halinsa ya jawo fushin Allah. Duk wanda aka kama, shi da tafkin har abada.

Gadu, shugaban taro, ya yi gyaran murya. "Jama'a, ni dai ban taɓa kai abinci baki ba sai na durƙusa. Ladabin da Allah ke so ke nan. Masu ci a tsaye, kai a sama, su binciki kansu."

Raƙumin Dawa, wanda durƙuso ke yi wa wuya, ya ce, "Ranka ya daɗe, a sanina tsafta Allah ke so. Ba ya son tonon ƙasa da hanci."

Dukansu manya ne, ba mai iya korar wani. Can sai idanu suka koma kan Jemage, tana reto a reshe, jaririnta manne a ƙirji.

"Ku dubi wannan," in ji Gadu. "Ƙafafu take miƙa wa sama. Wannan kam ko ba a faɗa ba, Allah ba ya so."

Kowa ya yarda nan take, da yake ba mai iya kwana haka.

Jemage ta ce, "Ranka ya daɗe, haka na tarar da uwata. In na tsaya faɗuwa zan yi. Ga goyo, ina za mu sha ruwa?"

Abin tausayi, wallahi, amma kowa ya kau da kai.

To, al'adar dajin ce ba a zartar da hukunci sai an ji ta bakin yaro, wai zuciyarsa fara ce. Aka kira autan Gadu.

"Auta, faɗa wa jama'a, me Allah ba ya so?"

Yaron ya yi tunani sosai. "Baba, ba ya son saiwa mai ɗaci. Kuma ba ya son a tashi mutum da sassafe."

Taro ya kwashe da dariya, har Raƙumin Dawa na share hawaye.

"Ku yi masa uzuri," in ji Gadu. "Ƙuruciya ce. Duk abin da ransa ya ƙi, gani yake Allah ma ya ƙi shi."

Aka yi watsi da maganar yaro. Sai manya, su da suka san bambancin, suka raka Jemage bakin daji.