Abin da Ke Bugawa a Bayan Motar Nafi'u

"...da gajiyar jiya? To, madalla. Ita kuma marar lahiyar, ta samu barci?"

Tsohuwa Tanne ce ke tambaya, ta dogara da sandarta a ƙofar gida, tana nuna jar motar da haɓa. Jikanta Nafi'u na durƙushe a bayan motar, ya kara kunne kamar mai sauraron cikin mai juna biyu.

Shekaranjiya ya iso Filinge daga Yamai da ita, mota ja wur, mai kujera biyu, irin ta tsere. Kafin injinta ya huce, Tanne ta gama shaida wa unguwa cewa a cikinta za ta tafi Bonkuku yau, sunan jikar Habsa. Habsar nan ƙawarta ce tun suna 'yan mata, kuma bara da ta zo biki a motar ɗanta, ƙin fitowa ta yi sai da kowa ya gan ta. Tanne ba ta manta ba. To, jiya da la'asar sai bayan motar ya kama bugawa, ƙwal-ƙwal, duk ramin da ta taka.

"Marar lahiya ɗaya na sani gidan ga," in ji Nafi'u, "ga ta nan tsaye da ƙahwa uku."

"Ƙahwahun nan sun kai ni Baleyara sun maido ni tun ubanka na tsotson yatsa. Taka mai huɗu, daga nan zuwa kasuwa ta kama tari. Kai miji, an cuce ka! Ka tahi sayen mota anka shahwa wa ƙadangare jan fenti anka miƙo maka. Dubi cikinta na sharar ƙasa. In anka ba mu akuya Bonkuku, ina za mu sa ta?"

"Akuya ta zauna gaba, ke in ɗaure ki baya."

"Uwaka! Tashi ka wanke hannu mu kama hanya."

"Wace hanya? In ban gano abin da ke bugawa ba, motar ga ba ta taka ko ƙohwar gari. Ki bi sharet ɗin jakai da sauran tsohi."

Tanne ta kawar da kai kamar ba ta ji ba. Ita a amalanke bayan jaki, Habsa na kallo? Gara a ce zazzaɓi ya kwantar da ita.

Nafi'u ya buɗe akwatin baya. Ya fito da ƙwarya, ya fito da kwanon sha mai murfi, ya fito da ƙullin daddawa da tabarma a naɗe.

"Wa ya yi wa motata jere?"

"Amarya ce ta tare. Da ka auro ni ka ce kada in zo da kayan ɗaki?"

"Shi ya sa nika jin wari tun jiya, na ɗauka ɓera ne ya mutu."

Ya ɗaure tayar ajiya tamau, ya rufe akwatin, ya danna bayan motar da ƙarfinsa ya saki. Ƙwal-ƙwal. Ya yi tsaki, ya zaro salula. Cikinta wani Bature ne a gareji mai ƙyalli kamar asibiti, yana nuna ƙarƙashin mota da fitila.

"Wane ne wancan?"

"Malamina ne. Shina gaya mini inda zan duba."

"Daga can shika jin tarin? Gaishe shi. Ka ce mashi in ya gama da mota, ina da gwiwar da ke irin wagga ƙara."

"Taki ba ta gyaruwa, sun bar ƙera kayanta."

Ya kwanta cikin rairayi, ya kama bututun hayaƙi ya girgiza. Shiru. Ya jijjiga kowace taya. Shiru. Ya taso, rabin fuskarsa fari fat da ƙasa.

"Kaka, zo ki yi amfani yau ɗaya. Kunnen nan naki da ke jin gulmar maƙwabta ta bayan katanga, kara shi nan. Ni in danna, ke ki gaya mini wane gehe ne."

Tanne ta sunkuya da ƙyar tana mita. Nafi'u ya danna. Ƙwal-ƙwal.

Sai Tanne ta ɗago kai. Ai ta san muryar nan! Shekara da shekaru ta ji ta a bayan sharet ɗin marigayi maigidanta: tsohon ruwan hauya ne ke dukan ƙahon bunsuru mai cike da magani. Jiya da safe, Nafi'u na masallaci, ta ciro su daga ƙasan tukunya, ta zura hannu ta bayan tayar hagu, ta ɗaure su jikin wani ƙarfe mai murɗe-murɗe. A bayan jaki ƙarar ba ta taɓa damun kowa ba. Wa ya san motar Yamai ba ta da haƙuri?

In yaron nan ya gani, ta shiga uku da bakinsa har kabari.

"Dama ce," in ji ta.

"Kin tabbata?"

"Ni ce fa na ji kukan ubanka tun shina ciki."

Ya kafa kirik, wato jak, ya ɗaga gefen dama, ya kwance taya. Ya taɓa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya sake tambayar Baturensa. Ita kuwa Tanne dabararta ita ce ya gaji ya shiga shan ruwa, ta zare abinta. Amma ja'irin ko motsi.

"Miji, ba ka jin ƙishi? Akwai hura a ɗaki, da nono mai sanyi."

"Tun da anka haihe ni ba ki taɓa yi mini tayin hura ba sai da gori. Mi kika nema?"

"Tausayi ne. Na ga wuyanka kamar na zakaran da anka hige."

"Riƙe tausayinki, miƙo mini ƙarhen can."

Hantsi ya ɗaga. Sharet ɗin matan unguwa ta zo wucewa, sun sha lalle da mayafai. Ɗaya ta ɗaga murya: "Tanne, a rage miki hanya, ko jirgin naku ya kusa tashi?"

"Ku yi gaba! In kunka ga jar iska ta wuce ku, ku ruhe ido!"

Suka tafi suna dariya. Jakin ma ya wuce ke nan.

Nafi'u ya mayar da taya, ya zauna dirshan yana share gumi. Wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Kaka, ba komi a nan. Ke nan ciwon na can ciki, inda hannuna ba ya kai. Sai an kai ta gareji Yamai. Ki yi haƙuri, ki aika wa Habsa da barka."

Tanne ta dubi hanya, ta dubi sabon zanenta. Ta hango Habsa zaune kan kujera tsakar mata tana cewa, "Ina mai jar motar? Ko fentin bai bushe ba?" Ta auna bakin Habsa da bakin Nafi'u. Na Nafi'u dai a gida zai tsaya.

Ta yi gyaran murya. "Wai wane gehe ka buɗe?"

"Dama, yadda kika ce."

"Kai dai ba a yi sakarai irinka ba. Lokacin ina huskantarka. Damata nika nuhi."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ja kirik zuwa hagu. Taya na fita, ya zura hannu, sai ga shi ya jawo ƙaho baƙi ƙirin da guntun ƙarfe mai tsatsa, suna lilo a jikin tsumma. Ya kaɗa su. Ƙwal-ƙwal.

"Hajiya Tanne. Mine ne wannan?"

"Ni ka tambaya? Tambayi Baturenka, shi ya ƙera ta."

"Bature ne ya yagi bakin zanenki mai hoton tsuntsaye? Ga ragowar can bisa igiyar shanya."

"Zanen nan ya cika kasuwa."

"Tun sahe nika cin ƙasa! Kina tsaye kina kallo na kwance tayar da ba ta yi laihin komi ba!"

"Ai ka ga cikinta, ka ƙaru." Ta buga sanda a ƙasa. "To ni ce! Sai mi? Tun da ka shigo garin ga, kowa sai 'Kai, mota! Kai, mota!' Ka ji wanda ya ce tubarkalla? Baki zai cinye ta kahin ka koma. Wannan kuwa na kakanka ne, tun daga kakanninsa na Kurhwai. Muddin shina ɗaure, sharet ɗinsa ba ta taɓa kihewa ba."

"Ba ita ce ta zubar da ku cikin taɓo da buhunan hatsi ba?"

"Ranar an manta shi gida."

"Da ranar da jakin ya gudu da ke har Damana?"

"Jaki ne ya gudu, sharet ɗin lahiyarta lau."

Nafi'u ya riƙe ciki, dariya har da hawaye. "Wallahi da mun isa, kahin in gaida kowa sai na ba Habsa labari."

"In ka ba ta, ni kuma in gaya wa 'yan matan Bonkuku shekarun da ka kai kana jiƙa mini tabarma."

"An yi sulhu," in ji shi da sauri. "Amma abin ga ba ya komawa jikin motata."

"Ni kuma ba ni shiga ƙadangare tsirara."

Ya miƙa mata. "To, riƙe kayanki. Ba a motar kike ba? Ya tsare ku gaba ɗaya."

Tanne ta shiga ɗaki, ta ɗaura abin a ƙugu ƙarƙashin sabon zane, ta fito tana taku ɗai-ɗai. Shiga motar ma sai da aka yi yaƙi, gwiwa ta ƙi, ɗankwali ya tuɓe. Suka kama hanyar Bonkuku. Rami na fari, shiru. Na biyu, shiru. Nafi'u har ya fara yin fito da baki don murna. Suka wuce sharet ɗin matan, Tanne ta ɗaga musu yatsu biyu kawai, yadda ta ga manya na yi.

Sai motar ta faɗa wani babban rami. Ƙwal-ƙwal!

Nafi'u ya taka birki, ido waje. Ya saurara. A hankali ya juyo ya dubi ƙugun kakarsa.

"Yanzu na gano wace tsohuwar mota ce bayanta ke son gyara."

Tanne ta so ta daure, abin ya ƙi. Ta tuntsire da dariya har ƙahon ya sake amsawa. Ta kwance bakin mayafi, ta ɓare farin goron da ta ɓoye wa Habsa, ta tura masa babban ɓarin.

"Ungo, makanike, ka ci. Yau kai ne miji. Amma in munka kai ƙohwar gidanta, kada ka kashe. Ka taka ta ta yi ruri har kaji su watse."

"Tun sahe nika neman shiru, yanzu kuma ƙara kika so?"

"Waccan ta kunya ce," in ji Tanne, tana gyara ɗaurin ɗankwali a madubi. "Wagga ta Habsa ce."