Yadda Aka Naɗa Ɗan Toka Garkuwa

A wani daji da tsawonsa bai kai kamu biyu ba, wanda itatuwansa duk na roba ne, akwai wata al'umma ta kifaye shida. Dajin yana cikin akwatin gilashi, akwatin kuma yana kan tebur a falon wani tsohon ma'aikaci mai suna Baba Jatau. Kifayen irin ƙananan nan ne na ado, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, amma wutsiyarsa kamar mafici, mai launi iri-iri. Dukansu maza ne. Da gangan Baba Jatau ya zaɓe su haka, don mai sayarwa ya gaya masa mazan sun fi kyau, kuma ba za su cika masa akwati da 'ya'ya ba.

Su kifayen ba su san wannan ba. Kullum sai kowa ya baza wutsiya, ya lanƙwasa jiki yana karkarwa, irin rawar da kakanninsu ke yi wa mata. In ya gama ya duba, babu mai kallo sai ƙato irinsa, sai haushi ya kama shi, ya kai wa na kusa cizo a wutsiya. Abinci bai taɓa yanke musu ba, kowace safiya hannun Baba Jatau yana barbaɗa musu gari daga sama. Ruwansu tas. Ba su rasa komai ba sai dalilin faɗa, shi kuwa ba su taɓa jiran a ba su ba.

Da ɓarna ta yi yawa, Mai Tuta, wanda ya fi kowa girman wutsiya, saboda haka shi ne shugaba, ya kira taro a bakin fasasshen tulun da aka ajiye musu don ado.

Shuɗi ne ya fara magana. Shi ne ya fi kowa cizo, kuma ya fi kowa ƙorafi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, laifin ba namu ba ne. Akwai wani mara kunya a jikin bangon gabas, launinmu ɗaya da shi. In na baza wutsiya sai ya baza, in na taso masa sai ya taso mini. Jiya har baki na fasa a kansa. Shi ke ɓata mini rai, in juyo in huce a kan 'yan uwa." Majalisa ta jajanta masa, ta la'anci na jikin bango.

Sai Ruwan Goro ya matso. Shi ba ƙarfi gare shi ba, baki gare shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yan uwa, mu daina yaudarar kanmu. Cizo ba zai ƙare ba, da shi aka haife mu. Abin da ke damunmu rashin tsari ne. Yau a ciji wannan, gobe a ciji wancan, kowa da tabo. Wutsiya shida muke ɓatawa, alhali ɗaya ta ishe mu. Shawarata ita ce mu ware ɗaya daga cikinmu, mu naɗa shi Garkuwa. Duk wanda ransa ya ɓaci, ya je wurinsa. Sarauta ce, ba wulaƙanci ba. Kuma don kada a ce an yi son kai, kada mu zaɓa da baki. A auna. Wanda wutsiyarsa ta fi ƙanƙanta shi ne, don shi ne asararsa za ta fi sauƙi."

Ba a sha wahalar awo ba. Kowa ya juya ya dubi Ɗan Toka, wanda ya fi su ƙanƙanta da rashin launi.

Ɗan Toka ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da wannan 'yar wutsiyar nake hawa sama in ci abinci. In ta ƙare fa?"

Ruwan Goro ya ce, "Haba ƙanena! Ana maganar al'umma, kana maganar cikinka?"

Aka kaɗa ƙuri'a, biyar suka yarda, ɗaya ya ƙi. Aka sanar da cewa an amince baki ɗaya, domin Ruwan Goro ya ƙara wani sharaɗi, cewa ba a lissafa ƙuri'ar Garkuwa a kan abin da ya shafe shi.

Gaskiya ita ce zaman lafiya ya samu. Wutsiyoyi biyar suka warke, suka yi sheƙi. Har ladabi aka shigo da shi cikin lamarin: ba a cizon Garkuwa sai an ce masa, "Barka da aiki." Cikin mako biyu wutsiyar Ɗan Toka ta koma kamar tsohuwar tsintsiya. Ya daina kai wa sama. In an barbaɗa gari, sai ya jira abin da ya kuɓuce wa bakin wasu ya faɗo ƙasa. Ya kai kuka majalisa cewa yunwa za ta kashe shi. Majalisa ta ji tausayinsa ƙwarai, ta kafa kwamitin bincike, ta ba Shuɗi shugabanci, tunda ya fi kowa sanin wurin da ake cizon.

Wata safiya Baba Jatau ya sa tabarau ya sunkuya. Ya ce, "Subhanallahi! Wa ya yi maka wannan aika-aika, bawan Allah?" Ya ɗauko 'yar koma ya kwashe Ɗan Toka, ya sa shi cikin wani kwanon gilashi da ya aro daga kicin, ya zuba ɗan gishiri a ruwan, ya ajiye kusa da akwatin.

Majalisa ta zauna ta yi tir da Garkuwa, wanda ya bar aiki ba tare da izini ba. Kwana biyu aka yi babu kowa a kan muƙamin. A rana ta biyu wani ya ciji Mai Tuta da kansa. Nan take aka kira taron gaggawa, aka yi awo, awo ya faɗa kan Ruwan Goro.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na daɗe ina nazarin wannan doka, kuma na gano zalunci ce. Wace irin al'umma ce za ta gina kwanciyar hankalinta a kan naman ɗan uwanta? Me za mu gaya wa na bayanmu?"

Mai Tuta ya ce, "Malam, wallahi wannan jawabin ya fi na farko daɗi. Sai dai na bayanmu babu su, kuma ƙuri'arka ba ta cikin lissafi. Barka da aiki."

Mako biyar Ɗan Toka ya yi a kwano yana cin rabonsa shi kaɗai. Ya yi ƙiba, wutsiya ta sake tsirowa, ta fi ta da faɗi. Ta cikin gilashi yana kallon yadda ake yi wa Ruwan Goro, har ya koma ɓuya cikin tulu, inda idon Baba Jatau ba ya kaiwa.

Ranar da aka mayar da Ɗan Toka akwati, Ruwan Goro ya lallaɓo daga tulu, da ƙyar yake juya jiki. Ya ce, "Yaya, sannu da dawowa. Na shigar da buƙatar a soke dokar. Ƙananan nan biyu suna tare da ni, don sun san su ne a layi. Mai Tuta da Shuɗi sun ƙi. Biyu da biyu ke nan, saura kai. Yaya, kai kaɗai ka san abin da nake ji."

Ɗan Toka ya ce, "Na sani."

Aka taru a bakin tulu. Ɗan Toka ya waiwaya ya dubi sabuwar wutsiyarsa, wadda yanzu ta Mai Tuta ce kawai ta fi ta. In doka ta faɗi, kowa zai koma cizon kowa, kuma sabon abu shi ke fara jan ido. In ta tsaya, akwai wutsiya huɗu kafin a zo kan tasa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yan uwa, babu wanda zai koya mini zafin wannan muƙami. Na riƙe shi, na ji a jikina. Amma ku dube ni. Na mutu? Ga ni na fi da kyau. Wanda ya yi haƙuri da aikin al'umma, daga sama ake saka masa. Ba zan so a hana ƙanena wannan alheri ba. Doka ta zauna."

Majalisa ta yaba da dattakunsa, ta ba shi girman buɗe aikin ranar. Ya matsa kusa da Ruwan Goro, ya gaishe shi yadda aka saba. Bai yi lalube kamar sauran ba, ya san daidai wurin da cizo ya fi zafi.

A falo kuwa, Baba Jatau ya wanke kwanon ya goge shi tas. Ya nufi kicin da shi, sai ya tsaya, ya dawo ya ajiye shi kusa da akwatin.