Yadda Za Ki Ƙware a Ingilishi Ba Tare da Kin Buɗe Baki Ba

'Yar'uwa, in kika bi matakan nan yadda na jera su, na yi miki alkawari cikin shekara shida za ki fi kowa a Boukoki sanin Ingilishi, kuma ba mahalukin da zai ji shi a bakinki. A kaina na gwada. Sunana Anisa, maki sha takwas bisa ashirin nake ci a lise, wato babbar sakandare.

Mataki na 1: Haddace aikatau

Go, went, gone. Ki yi ta bitarsu kina wanke-wanke, kina tsinkar zogale. Amma kada ki saka ko ɗaya cikin hira. Aikatau kamar tangaran ɗin cikin kabad ne, wanda ya ci tuwo a ciki bai san darajarsa ba.

Mataki na 2: Ji tsoron ƙananan kalmomi

A da the, since da for. Malaminmu Mushe Bawa rabin maki yake cirewa a kan kowace. Ki ajiye wannan a ranki, har ya zamana duk sa'ad da kika ɗaga harshe sai ki hango jan bik ɗinsa, alƙalamin da yake soke kuskure da shi. Masana sun ce wadda ta yi shiru ba ta taɓa kuskure ba. Ni ce masanan.

Mataki na 3: Bari a yi tallarki

Wannan ba aikinki ba ne, na mahaifiyarki ne. Tawa tela ce, kuma ba mai sayar da tattasai a Petit Marché da ba ta gaya wa cewa 'yarta na jin Ingilishi kamar rediyo ba. Ke dai ki sunkuyar da kai. Za a ce kunya ce.

Mataki na 4: In ranar ta zo, kada ki yi gaggawa

Tawa ta zo wata Talata da hantsi. Wata 'yar Ghana ta shigo shagon Inna da atamfa turmi goma sha biyu, ankon biki. Ba Hausa, ba Zabarmanci, Faransancinta bai wuce gaisuwa ba. Rabon Inna da aiki irin wannan tun ƙaramar salla.

"Anisa, fito ga ranarki," in ji Inna. "Me take cewa?"

"Tana tambaya yaushe za a gama."

"Ce mata Juma'a ta sama. Ki ƙara da cewa hannuna ba ya ɓata zane."

Kin ga na fahimta sarai. To amma will zan ce ko going to? Alkawari ne ko niyya? Inna ta riga ta ƙudurta, ko yanzu ta yanke? Sai na tambayi Inna.

"Ke, Juma'a ce. Juma'a guda nawa gare ku a lekol?"

Mataki na 5: Koma ga tarbiyyarki

Tun ajin farko an koya mana ba a miƙa amsa sai an yi buruyo, wato rubutun gwaji, sannan a kwafe a takarda mai tsabta. Kada ki saki wannan don kawai mutum na tsaye gabanki yana fifita da mayafi. Ki ce ana zuwa, ki shige ɗaki, ki ɗauko kaye, littafin rubutunki. Kwanan wata a sama, a ja layi da regil. Gabatarwa, gundarin bayani, kammalawa. Nawa buruyo uku na yi, don a na biyu na ga waƙafi bai zauna daidai ba.

Mataki na 6: Fito da nasararki

Na fito na tarar da Baba Mumuni, telan da ke shago na gaba, ya leƙo da metir a wuya. Ingilishinsa a tashar mota ya tsinto shi a Kumasi.

"Madam, come. Me I do Friday. Fine fine."

Kuskure huɗu na ƙirga. Matar ta yi dariya, ta kwashi atamfarta ta bi shi.

Na miƙa wa Inna takardar, don ban san wa kuma zan ba ba. Ta juya ta gaba da baya.

"Duk wannan Juma'a ce?"

"Har da hannunki, Inna."

"Babu kuskure?"

"Ko ɗaya."

"To madalla." Ta shimfiɗa ta a tebur, ta ɗauki almakashi, ta fitar da fasalin wuyan riga. "Takardar na da kauri. Gobe ki rubuto mini hannu biyu."

Hattara

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin kowace atamfa da ta ƙaura shagon maƙwabci ba, ko uwar da ta daina bi ta layin masu tattasai. Mai ƙorafi ta same ni a shagon Baba Mumuni ranar Asabar, inda Inna ta kai ni koyon Ingilishi. Sharaɗinsa ɗaya ne: in bar bik a gida.