Akuyar Fa'iza a Hannun Uzairu

"...ya kwanan 'yar yaye?"

"Ajiye gaisuwar nan tukuna. Karɓi ƙoƙon nan ka kurɓa."

Fa'iza ce tsaye a tsakar gidan taubashinta Uzairu a Yako, goye da 'yarta Rumaisa. Da mijinta zai tafi aiki Tiga, ya bar wa Uzairu kiwon akuyarta, haɗe da dami shida na harawa. Kullum da safe ake tatso madara a aika mata, don tun da aka yaye yarinyar ba ta yarda da komai sai ita. Yau kwana biyu ke nan tana furzar da ita tana kuka. Fa'iza ta ɗanɗana, ta ji ɗaci har maƙogwaro.

Uzairu ya leƙa ƙoƙon. "Ni ba na cin abin hannun taubashiya sai da shaidu. Wa ya san me kika barbaɗa?"

"Daga gidanka ta fito, bawana. Sha."

Ya kurɓa. Ta kafa masa ido, ta ga kunnuwansa sun motsa.

"Zuma," in ji shi, murya a shaƙe. "Bakin 'yarki ne irin naki. Ku dangin Kawu ko rake kuka sha sai kun ce da ɗaci."

"To shanye zumar."

"Azumi nake."

"Yanzu fa ka kurɓa."

"Mantuwa ce."

Fa'iza ta wuce shi ta nufi turke. Akuyar ta faɗa, ƙugu duk a waje. A gefenta ga ragon Uzairu, wuya ya yi ninki uku, da ƙyar yake juyawa.

"Wannan basamuden me yake ci?"

"Iska. Gadonmu ne, ko ruwa muka sha sai mu yi ƙiba."

"Ina harawata?"

"Tana kan bishiya, inda mijinki ya ɗora ta."

"Ta nan na biyo. Igiya kawai na gani tana lilo."

Ta sunkuya ta tona ƙasan turken da yatsa, ta zaro wani reshe da aka gwaigwaye. Ta murza ganyen ta shinshina.

"Darbejiya, Uzairu? Akuya mai shayarwa?"

"Magani ne. Yana kashe tsutsar ciki. Gata na yi mata, ko likitan dabbobi..."

"Ragon ba shi da tsutsa ne?"

"Shi bai yi ƙorafi ba."

Rumaisa ta farka ta soma wani siririn kuka, irin na wanda ya gaji da yi. Uzairu ya dube ta, dariyar ta ɗan tsaya masa.

"Wallahi kwana uku kawai na ba ta. Na zaci a ciki ɗacin yake tsayawa."

"A kanka ya tsaya."

Ya sosa ƙeya, ya yi dariya. "Na faɗi, uwar ɗakina. Akwai buhun 'ya'yan gawo a rumbu, da dusa. Ta ci kwana uku, madara za ta washe."

"Kafin nan 'yata ta sha me? Kitsen ragonka?"

Uzairu ya juya wajen ɗakin matarsa, ya sassauta murya.

"Amatullah, don Allah ki yi haƙuri, kwanto mana jar akuyarki ta bi Fa'iza gida. Ki haɗo da ƙwaryar tatsa, kada ta ce mun yi rowa."