Yadda Ake Hawan Duwatsun Falgore a Keke Ba Tare da An Bar Fagge Ba

Kai mai keke, kwantar da hankalinka, na san halin da kake ciki. Tun da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo, duk wanda kuke zaman majalisa da shi ya sayi babur, har wanda ko baro bai iya turawa ba. Kai kuwa ga ka nan da Ralin da ka gada wajen kawunka. To, in ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari kafin damina ta zagayo masu babur za su riƙa matsa maka a tabarma. An gwada hanyar. Maje na Kwaciri ne ya gwada ta, mai awon yadi a wani kanti a Kwari, kuma da shi zan riƙa yi maka misali, da inda ya yi dabara da inda ya yi wauta.

Mataki na 1: Raina abin da ba ka da shi

Kada ka yarda a ga kana kallon babur. Ranar da Abdulmuminu, akawun gwamnati, ya zo majalisa da sabuwar Honda yana murɗa ta har kaji suka watse, Maje bai ko ɗaga kai ba. Sai da aka gama sa albarka ya ce, "Allah ya sa alheri. Ni dai likita bai hana ni motsa ƙafa ba. Manyan Turawan kamfani ma keke suke hawa ran Lahadi, su shiga daji, su bi hanyar burji, su hau dutse."

Abdulmuminu ya ce, "Kai ma kana hawa ne?"

Maje ya ce, "Duk Lahadi."

Ka lura, bai shirya wannan amsa ba, ita ta fito da kanta. Haka manyan ayyuka suke farawa.

Mataki na 2: Zaɓi wuri mai nisa

Kada ka ce Bagauda, masu babur suna zuwa can shan iska. Maje ya zaɓi dajin Falgore, can kudu wajen duwatsu, inda mutumin Fagge ba ya zuwa sai motarsa ta lalace a hanyar Jos. In an ce ai da nisa, ka ce kana ɗora keken a kan babbar mota zuwa Tudun Wada, daga nan ka hau. Masana sun tabbatar ƙarya tana daɗewa in an bar mata ƙofar fita.

Mataki na 3: Nemi mai gyaran keke mai riƙe sirri

Ba a Fagge ba, nan kowa ɗan'uwan kowa ne. Tsallaka Sabon Gari. Maje ya sami Celestine, mai rumfar faci a bayan kasuwa, mutum mara yawan magana wanda ya dawo Kano bayan yaƙin basasa ya sake kafa rumfarsa daga guduma ɗaya. Da safe Celestine zai tafi coci, Maje ya tsare masa rumfa. In ya dawo su buga dara har la'asar. Daga nan Celestine ya ɗauko bokitin jar ƙasar da yake ɗebowa a wajen masu gini, ya bi keken da ita tun daga kaca har sirdi, ya soka ƙaya ɗaya a tayar baya, ya maƙala busasshen ganye a waya.

"Malam Maje, yau dutse nawa ka hau?"

"Sa uku."

"To, sai na ƙara a wando."

Kai ma kada ka manta da wando. Keke mai ƙura da mahayi fes, ko yaro ba zai yarda ba.

Mataki na 4: Yi rowar labari

Ka iso majalisa kana tura keken, ka zauna da nishi, ka nemi ruwa. Kada ka ga zaki, wanda ya ga zaki tambayoyi suke kashe shi. Maje birai kawai yake gani, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, sai gangaren da birki ke wari. Kafin wani lokaci yara sun fara kiransa Mai Dutse, Abdulmuminu kuma ya koma ajiye Hondarsa a bayan kwata.

Da Maje ya tsaya nan, da yau ba na buƙatar rubuta sauran matakan.

Mataki na 5: Guji tsoho mai saurare

A ƙarshen tabarmar akwai Baba Sammani, tsohon ɗan dakon gyaɗa wanda idonsa ya tafi. Ba ya sa baki a hira. Ran nan sai ya ce, "Maje, in ka wuce rafi na biyu, kana bi ta Tsaunin Bera?"

Amsar da ta dace ita ce a'a. Maje ya ce, "Kullum, Baba."

"Garinmu ke nan. Kanyar nan ta bakin mashigi tana nan?"

"Tana nan, Baba. A inuwarta nake hutawa."

Tsohon ya ce a gindinta mahaifiyarsa ta tsaya ranar da ta rako shi zai taho Kano, ta ce ya dawo in kaka ta yi. Bai koma ba, har ta rasu. Tun daga ranar, kowace Lahadi Baba Sammani ne farkon zuwa majalisa, kuma tambayarsa ɗaya ce. Maje ya riƙa yi wa kanyar nan hidima da baki: ta yi sabon ganye, ta yi fure, birai sun dame ta. Masu babur ƙaryarka suke so su kama, wannan da sauƙi. Shi kuwa tsohon nan da ita yake rayuwa.

Mataki na 6: In an aike ka, tafi kasuwa

Da sanyi ya shigo Baba Sammani ya kwanta ciwo. Maje ya je dubiya, tsohon ya lalubo hannunsa ya ce, "Ɗana, yanzu ta nuna. Ka tsinko mini ko guda biyar, in ɗanɗana kafin in tafi."

Wannan ba matsala ba ce. Kanya tuli take a kasuwar Sabon Gari, taku kaɗan daga rumfar Celestine. Ka saya, ka zuba a aljihu, ka buga dararka. Celestine ma haka ya ce. Amma Maje ya tsaya gaban mai tallar, ya ɗauki kanya ya ajiye, kunya ta kama shi. Kunya ita ce babbar cutar wannan sana'a, kuma ba ta da magani.

Mataki na 7: Ko da wasa kada ka je

Maje ya je. Ya ɗora Rali a kan babbar mota kamar yadda ya daɗe yana faɗa, ya sauka, ya tambayi hanya, ya hau. Burjin gaske ya girgiza shi har haƙoransa suka riƙa haɗuwa. Hawan farko ya tura, na biyu ya tura yana salati, kaca ta zame, taya ta yi faci ba da hannun Celestine ba. Amma da ya kai kan tudu ya tsaya, sai ya ji shirun da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi a Fagge: ba hon, ba rediyo, sai iska a cikin itatuwa da kukan tsuntsun da bai san sunansa ba. Duwatsu jere har iyakar gani. Birai ma akwai su, abin da ya ba shi mamaki ƙwarai.

Bayan rafi na biyu burji ya ƙare, ya faɗa kan sabuwar kwalta, ɗanya, tana kama taya. Kuɗin man fetur sun riga shi isowa. An faɗaɗa mashigin an yi gada, katafila tana fake a gefe. Ya tambayi wata tsohuwa mai ɗauke da itace ina kanyar bakin mashigi. Ta nuna masa tsakiyar titi ta ce, "Bara suka ture ta. Mun daɗe muna girki da ita."

Maje ya zauna a bakin gadar ya yi kuka, shi da bai taɓa ganin bishiyar ba.

Mataki na 8: Kada ka faɗi gaskiya, ba ta da kasuwa

Washegari ya biya ta Sabon Gari, ƙafa a kumbure. Celestine ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Ni ma da na dawo ban tarar da mangwaron ƙofar gidana ba. Wanda ya faɗa mini tun a hanya, har yau ban gode masa ba." Ya tashi da kansa ya sayo kanya ya zuba masa a aljihu.

A majalisa Maje ya faɗi abin da ya gani, tudu da shiru da gada. Abdulmuminu ya duƙa ya shafa tayar, ya ɗago yatsa baƙi ƙirin. "Kwalta a daji? Malam, wannan karon shataletalen Bata ka zagaya ka dawo. Ina jar ƙasar?" Aka yi ta dariya. Tafiya ɗaya da ya yi da gaske, ita ce ta kashe masa suna.

Daga nan ya shiga wajen Baba Sammani, ya durƙusa, ya sa masa kanya a tafin hannu. Tsohon ya kai ɗaya baki ya daɗe yana tsotsa.

"Ita ce," in ji shi. "Duk ƙasar nan babu mai zaƙinta. Tana nan lafiya?"

Maje ya ce, "Tana nan, Baba. Ta ƙara girma."

Tsohon ya ce alhamdu lillahi, ya juya ya yi barci. Bai kai Lahadi ta gaba ba. Duk ƙaryar da Maje ya yi a shekarar nan kyauta ya same ta, wannan kaɗai ya biya da ƙafarsa.

Hattara

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya: faci, kumburin ƙafa, zubewar girma a majalisa, ko hawaye a bakin gada. Haka kuma ba ruwansa in ka wayi gari kamar Maje, wanda yanzu duk Lahadin duniya yake ɗora Rali a mota ya tafi dajin nan da gaske, ya dawo ya wanke kekensa tas kafin ya shigo unguwa. In an tambaye shi ina ya je, sai ya ce Sabon Gari, wajen dara.