Yadda Za Ka Ɓoye Tabon Jikinka Daga Mai Mobilet

Ni ne Ɗan'azumi, wanzamin Galma, shekara ashirin ina aske kawunan garin nan, babu ƙazwa ko makeron da bai bi ta hannuna ba. In wani tabo fari-fari ya fito maka a damtse, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zufa, kuma zuciyarka ta riga ta raɗa maka cewa kuturta ce, to gyara zama. Bi matakan nan, na yi maka alkawari babu mahalukin da zai gane. Shekara shida na yi ina gwada su a jikina.

Mataki na 1: Sa masa suna mai daɗi

Ka ce kyasbi ne. Kyasbi ciwon mutunci ne, har liman yana da shi. Kai dai ka san bambanci: kyasbi in ka kankare da farce gari yake yi, makero zobe yake yi ya cinye gashi, ƙazwa kuwa tsakanin yatsu take zama ta sa mutum susa har cikin salla. Naka ba ya yin ko ɗaya, shiru kawai yake yi. Wannan ai ladabi ne, ka gode masa.

Mataki na 2: Rufe bakin matarka

Ita za ta fara ganewa. Tawa, Zaliha, ta lallaɓo ina cin tuwo ta soka mini allura a wurin, ko ɗagowa ban yi ba.

"Maigida, na soke ka, ba ka jiya ba," in ji ta. "Hwata mai rai ba ta hakanga. Don Allah ka tahi likita Madawa."

Na ce, "Ke za ki koya ma wanzami hwata?"

Haka za ka ce, kuma da ƙarfi. In ta nace, tambaye ta wa zai miƙa wa kuturu kansa a yi masa aski, da me kuma za a ci tuwo a gidan. Za ta share hawaye ta bar maganar, don ta san mutanen garinku.

Mataki na 3: Riga mai dogon hannu

Ko a tsakiyar bazara. In an tambaya, ka ce girma ne ya kama ka.

Mataki na 4: Ranar da mai mobilet ya zo

Namu sunansa Mushe Hamidu (mushe na Faransanci, wato malam), malamin likita mai zagaya ƙauyuka a kan ɗan babur ɗinsa yana duba fata. Maigari zai tara ku bayan zana, kowa ya tuɓe riga. Mushe zai ce ka rufe ido, ya taɓa ka da ɗan auduga, ya ce ka nuna inda ya taɓa, saboda lafiyayyar fata ko ƙuda ya sauka sai ta kai labari. Mafi alheri, ranar nan ka tashi da askin gaggawa a garin Bangi. In an ritsa ka, bar ido ɗaya da 'yar kafa. Ni haka na yi, ina ta nunawa: nan, nan, nan.

Ya ce, "Wanzami, idonka na jin taɓi ƙwarai. Hwatar fa?"

"Lahiya lau, mushe."

Ya rage murya. "Ƙwaya ce 'yar ƙarama, kuma kyauta. In an soma da wuri hannu ba ya lalacewa."

Kada ka saurare shi. Yaro ne, bokon Madawa ke ɗibarsa.

Mataki na 5: Yi wa Kalla dariya

Kowane gari da wawansa. Namu maƙwabcina ne, Kalla, wanda ya rufe ido tsakani da Allah, aka gane shi, ya shiga shan ƙwaya. Shekara biyu ana ware masa kwano. Kai ne za ka fi kowa toshe hanci, kuma ka ƙi yi masa aski, don a tabbatar kai mai tsabta ne. Sai dai in ka bi ta fadama ka gan shi yana dashen albasa da yatsu goma cif, kau da kai, kallon yana ɓata wa mutum yini.

Mataki na 6: Ci moriyar abin

Ciwon zai bi jijiya ya sauko hannu. Za ka sauke butar shayi daga garwashi ba tsumma, ƙaya ta shige ka kana hira, mutane su ce wanzami ya sha tauri. Karɓi yabon. Jin zafi dama maigadi ne mai yawan ihu, ga shi ka huta da shi.

Mataki na 7: Kada ka ƙi askin suna

In ka ƙi za a yi zargi. Ni na je gidan Abubakar manomi shekarar da aka yi fari, aka ɗora mini jaririn kwana bakwai a cinya. Yatsuna biyu sun riga sun lanƙwashe, na ɓoye su ƙarƙashin hannun riga. Ina cikin aski sai jini ya ɗiga a kan yaron, mata suka sa salati. Aka duba, lafiyarsa ƙalau. Yatsana ne na yanka har ƙashi, ban sani ba.

Abubakar ya daɗe yana kallon hannuna. Ya ɗauke ɗansa a hankali ya ce, "Baba, bar shi hakanan, mun gode."

Ba wanda ya zage ni. Goron sunan ma an ba ni, amma a kan tabarma aka ajiye.

Gargaɗi

Alkawarina ɓoyewa ne, kuma na cika, shekara shida ba wasa ba ce. Abin da ya biyo baya tsakaninka ne da hannunka, babu ruwan Ɗan'azumi. Yanzu ina shan ƙwayar Mushe Hamidu, ciwon ya tsaya, amma abin da ya tafi ya tafi, kuma wallahi ina kewar riƙon aska. Mai ƙorafi ya same ni a gida da hantsi. Kada ya yi sammako, lokacin Zaliha ke ɗaura mini mazagin wando.