Rasuwar Goyo, Rigata ta Dalma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗun da suka wayi gari sakayau, ni ma'aikaciyar jinya a ɗakin buɗe jijiyoyin zuciya nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar rigata ta dalma, wadda aka fi sani da Goyo. Ta cika a kan gadon da ta ƙare rayuwarta a gefensa, lokacin da mai kula da injuna ya haska ta aka ga tsaga daidai inda take rufe cikina. Ina ɗauke da juna biyu, na fari bayan dogon jira, kuma babu wanda ya san yaushe tsagar ta fara.

Ga wanda bai san marigayiya ba, a ɗakinmu likita kan zura siririyar waya ta jijiyar hannu har zuciya, yana bin ta a hoto. Inda jini ya toshe ya buɗa, ya saka 'yar raga ta riƙe wurin. Hasken da ke ba da wannan hoto ratsa jiki yake yi. Mara lafiya sau ɗaya yake shansa ya tafi gida, mu kuwa kullum ne. Goyo ce ke tsayawa tsakanina da shi.

Marigayiya ba ta da kyau, gaskiya ɗaya ce. Shuɗiya ce da ta koɗe, ga nauyi kamar yaron da ya ƙi yaye. Amma ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Maganarta biyu ce a duniya: "ƙyarrr" in na ɓalle maɗaurinta, da "jif" in na rataye ta. Da ita aka yi dogon binciken nan na gwada zura wayar ta hannu da zura ta ta cinya. Takardar binciken ta fito da sunayen likitoci reras, nata ko a ƙasan shafi babu. Ta sha gumina, ta sha hawayena ranar da wani dattijo ya riƙe gefenta yana salati har hannunsa ya saki.

Ciwon ajalinta ninki ne. Dalma ba ta son a ninka ta, rataye ta ake yi. Duk da haka an sha tarar da ita a duƙunƙune kan kujera, har da wanda ya zauna mata a kai yana shan shayi. Mai wannan aiki ya san kansa. Na yafe masa a baki, zuciyata ba ta kai can ba tukuna.

Ta rasu ta bar ƙanwarta, 'yar dalmar da nake ɗaurawa a wuya, da maratayinta da ya lanƙwashe, da ɗanta na fari, wato ciwon bayana. Ta kuma bar 'yar na'urar da nake maƙalawa a ƙarƙashinta, mai auna hasken da ya iso jikina. An aika da ita a duba. Babban likita ya ce in kwantar da hankalina, da wuya a ga abin damuwa. Maigidana ma haka yake cewa, amma ya daina cinye abincinsa. Tsoro nake ji, kuma ina jin haushin kaina da har yanzu nake kewarta.

Jana'iza: ba za a yi mata wanka ba, ba za a binne ta ba, don ƙasa ba ta cin dalma. Masu kwasar shara mai haɗari za su zo su ɗauke ta ta ƙofar baya. Ina roƙon su ɗauke ta a miƙe.

Ba zan samu raka ta ba, a safiyar da za su zo nake da awo. Ba za a yi zaman makoki ba. Duk wanda ya yi niyyar ta'aziyya ya riƙe abarsa, ya yi wa wanda Goyo ta bari a cikina addu'a. Ko motsinsa ban fara ji ba.